Wuƙar masu nutso a teku: me take yi, kuma yaushe take ba mai ita kunya?

Duk wanda ya taɓa kallon tsofaffin finafinan Turawa da ake faɗa a ƙarƙashin ruwa ya san hoton nan: jarumi ya goya tukunyar iska a baya, ga zabgegiyar wuƙa ɗaure a ƙwaurinsa, da zarar kifin shak ko abokin gaba ya dumfaro shi sai ya zare ta. Shirin talabijin na Amurka mai suna Sea Hunt, wanda aka nuna daga 1958 zuwa 1961, da fim ɗin James Bond na 1965, Thunderball, suna cikin waɗanda suka dasa wannan hoto a zukatan jama'a. Shi ya sa har yau, idan mutum ya ga wuƙa a jikin mai nutso, makami ne yake fara zuwa masa a rai.

Masu nutso suna ɗaukar wuƙa kam, kuma masu koyar da nutso suna ba da shawarar kada a shiga ruwa babu abin yanka. Amma abin da suke tsoro ya fi shak ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zaren fatsa ne, da tsohuwar ragar masunta, da igiya. Tambayar da za mu duba a yau ita ce: idan ɗaya daga cikin waɗannan ya harɗe mutum a zurfin mita 30, me zai sa wuƙar ta fitar da shi, me kuma zai sa ta ba shi kunya?

Nutson da muke magana a kai shi ne wanda ake kira sukuba, wato mutum ya shiga ruwa ɗauke da iskar da zai shaƙa a cikin tukunyar ƙarfe, babu wani bututu da ya haɗa shi da jirgi a sama. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su suka ƙera na'urar da ta sa irin wannan nutso ya yaɗu, a 1943. Ka riƙe abu ɗaya daga wannan bayani: iskar da ke bayan mai nutso ƙidayayya ce, tana ƙarewa.

Mu fara sallamar kifin shak

Gidan adana tarihin halittu na jihar Filorida a Amurka yana da kundin da yake tattara rahoton cizon shak a duniya baki ɗaya. Cizon da shak yake yi ba tare da an tsokane shi ba bai kai 100 a shekara, mace-macen kuwa da wuya su haura goma. Yawancin waɗanda abin yake shafa masu iyo ne a saman ruwa da masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo. Masu nutso da tukunyar iska kaso ne ɗan kaɗan. Ko da ma shak ɗin ya zo, ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka hannun da ya kai sara a ruwa tafiyar hawainiya yake yi, shi kuwa kifin a gidansu yake. Wannan faɗa a fim kawai ake cin sa.

Abin da alƙaluma suka nuna daban ne. A 2008, Petar Denoble da abokan aikinsa na ƙungiyar DAN, wadda ke nazarin haɗurran nutso daga Amurka, sun wallafa bincike kan mutuwar masu nutson shaƙatawa 947 tsakanin 1992 da 2003. A inda aka iya gano abin da ya fara jawo matsalar, ƙarancin iska shi ne kan gaba da kashi 41 cikin ɗari, sai maƙalewa da kashi 20, sai matsalar kayan aiki da kashi 15. Maƙalewar nan ta haɗa da wanda ya ɓata a kogo ko cikin nutsattsen jirgi, inda wuƙa ba ta da abin da za ta yi masa, ta kuma haɗa da wanda zare ko raga ko ciyawar teku ta harɗe. Wannan na biyun shi ne dalilin ɗaukar wuƙa.

Me ya sa ɗan siririn zare zai kashe ƙato?

Zaren ba ya kisa da kansa. Lokaci yake cinyewa, lokaci kuwa a ƙarƙashin ruwa iska ce. Bari mu yi ɗan lissafi. Tukunyar da aka fi amfani da ita tana cin kimanin lita 11, ana kuma matse iska a cikinta ninki 200, wato kusan lita 2,200 ke nan. Mutumin da ke cikin natsuwa yana shaƙar kimanin lita 20 a minti ɗaya a saman ruwa. To amma duk mita 10 da ka sauka a teku, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki yanzu. A mita 30 matsin ya zama ninki huɗu, saboda haka kowane numfashi yana ɗebe ninki huɗu daga tukunya: lita 80 a minti. Idan zare ya kama ka kusa da ƙarshen nutso, saura rubu'in tukunya, kana da lita 550, wato ƙasa da minti bakwai. Idan tsoro ya shige ka numfashi ya ninka, minti uku da rabi. Hawa daga mita 30 cikin aminci kuma yana cin wajen minti uku. Ka ga ke nan babu sararin lalube.

Sannan zaren yanzu ba irin na da ba ne. Kafin zamanin roba, da auduga da rama ake saƙa raga, idan ta ɓace a ruwa sai ta ruɓe. A 1935 Wallace Carothers ya haɗa nailan a kamfanin DuPont, daga shekarun 1950 kuma ragar nailan ta fara maye gurbin ta gargajiya a duniya. Ita ba ta ruɓewa cikin sauƙi. Ragar da ta tsinke ta maƙale a jikin nutsattsen jirgi ko dutse tana iya shafe shekaru tana kama duk abin da ya gifta. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan tarin sharar robar da ke yawo a tekun Pasifik tsakanin Hawai da Kalifoniya ya gano cewa aƙalla kashi 46 cikin ɗari na nauyinta ragar kamun kifi ce. Wuraren da kifi yake taruwa su masunta suke so, su kuma masu nutso suke so. A nan ake haɗuwa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne da gangan ake yin zaren yadda ba za a gan shi ba. Ido yana ganin abu garai-garai ne idan yana lanƙwasa haske daban da abin da ya kewaye shi. Jefa ƙanƙara mai tsabta a kofin ruwa ka ga yadda ɓangaren da ya nutse yake kusan ɓacewa: ma'aunin lanƙwasa haskenta 1.31 ne, na ruwa 1.33. Na nailan ya ɗan haura 1.5, na wani sabon zare da ake kira fulorokabon kuwa 1.42, ya fi kusa da na ruwa. An yi shi don kifi kada ya gani, amma idon mai nutso ma bai tsira ba. Galibi sai dai ya ji an ja shi ta baya. Kuma inda zaren ya fi son kamawa shi ne kan tukunya a bayan ƙeya, da maɗaurin takalmin iyo, wuraren da gilashin fuska ba ya bari a gani. Idan mutum ya juya don ya duba, ya ƙara naɗe kansa ke nan.

Yanka a ruwa ba kamar yanka a tudu ba ne

Ka lura da mahauci idan yana fiɗa: hannu ɗaya yana jan fata, ɗayan yana bi da wuƙa. Wanda zai yanka igiya shi ma sai ya ce da yaro ya ja masa ɗaya bakin. Kaifi yana aiki ne idan abin da ake yankawa ya miƙe ya tsaya. A ruwa, zaren da ya yi sako-sako lilo yake yi, kana kai masa wuƙa yana gudu. Mai wuƙa mai santsin baki dole ya kama zaren da hannu ɗaya, ya lanƙwasa shi a kan kaifin, ya ja. Hannu biyu ke nan. Idan ɗaya daga cikin hannayen ne ya harɗe fa?

Wannan ne ya sa wuƙar nutso take da sura irin tata. Gefe ɗaya yakan zama da haƙora kamar zarto, saboda haƙoran suna tara ƙarfin hannu a kan 'yan ƙananan tsinaye, suna cafke zaruruwan igiya mai kauri ɗaya bayan ɗaya, kuma ko sun fara dakushewa suna ci gaba da ci. Sannan akwai wata 'yar lanƙwasa mai kaifi kamar ƙugiya kusa da ƙota. Dabarar lauje ce: lanƙwasar tana tattaro abin yankawa ta hana shi zamewa. Daga wannan dabara aka fitar da wani ɗan ƙaramin abin yanka da bai fi tsawon yatsa ba, reza ce a ɓoye cikin roba mai baki kamar ƙugiya. Ka saƙalo zare ka ja, shi ke nan. Ba ya iya yanka igiyar jirgi mai kaurin babban yatsa, amma a kan zaren fatsa da siririyar raga ya fi babbar wuƙa sauri, kuma da ƙyar ya yanki mai shi.

Na ukunsu almakashi ne, irin wanda ma'aikatan agajin gaggawa suke yanke tufafin majinyaci da shi, mai dasasshen baki. Shi ba ruwansa da ko zare ya miƙe ko bai miƙe ba, domin bakunansa biyu su suke riƙe abin su datse. Hannu ɗaya ya ishe shi. Yana kuma cin siririyar wayar ƙarfe da masu kamun manyan kifaye suke ɗaurawa kusa da ƙugiya, wadda wuƙa sai dai ta yi ta goga a banza. Haka nan ya fi dacewa da zaren zamani da ake kitsawa da Dyneema, wani nau'in roba mai santsi da taurin kai, wanda har safar hannu ta kare yanka ake saƙawa da shi. Raunin almakashi yana wurin ƙusar da ta haɗa bakunan: ita take fara tsatsa, rana ɗaya ka matsa ta ɓalle. A ganinmu, idan aka ce mai nutson shaƙatawa ya zaɓi abu biyu kacal, ɗan ƙugiyar nan da almakashi sun fi zabgegiyar wuƙar fim amfani, kuma kuɗinsu bai kai nata ba.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, amma yana yi

A nan ne kimiyyar ta fi daɗi. Yawancin wuƙaƙen nutso da ƙarfen sitenles ake yin su, dangin wanda muke kira silba a kasuwa, na cokula da kwanuka. Harry Brearley ya haɗa irinsa a birnin Shefil na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kiromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kiromiyam ɗin yana haɗuwa da oksijin ya yi wata fata siririya ƙwarai a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ita take hana tsatsa shiga. Idan aka karce ta, sai ta sake tofowa da kanta, muddin akwai oksijin a wurin.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma sinadarin kulorayid da ke cikin gishirin babban abokin gabar wannan fata ne. Ba ya cin ta gaba ɗaya. Yana neman wuri mai rauni ya huda ɗan rami kamar bakin allura, a cikin ramin ruwan ya ƙara tsami, ramin ya yi ta zurfi alhali saman ƙarfen yana ƙyalli. Mafi muni shi ne lungu: ƙarƙashin ƙota, gindin haƙora, cikin kube. A irin waɗannan wurare ruwan gishiri yana kwanciya, oksijin ya ƙare, fatar ta kasa tofowa. Shi ya sa za ka ga wuƙa tana walƙiya a waje, amma ɓangaren da ya shige cikin ƙota ya cinye, sai ranar da aka danna ta da ƙarfi ta karye a nan. Masu ƙira da suka san aikinsu suna yin ƙotar yadda za a iya kwance ta a wanke, don wannan dalilin.

To me ya hana a yi wuƙar da ƙarfen da ya fi kowanne jure gishiri? Saboda akwai ciniki tsakanin kaifi da tsatsa. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi shi ne kabon. Amma kabon yana kama wani ɓangare na kiromiyam ya ɗaure shi, sai wanda ya rage don yin fatar kariya ya ragu. Ƙarfe mai lamba 440C yana da kabon wajen kashi 1 cikin ɗari, yana kaifi sosai yana kuma daɗewa bai dakushe ba, amma ka bar shi da ruwan gishiri a kube ka ga jan tabo. Mai lamba 420 yana tsakiya, kuma shi ne a wuƙaƙe da yawa masu sauƙin kuɗi. Mai lamba 304, wanda ke da kiromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, kabon ɗinsa bai kai kashi 0.1 ba. Yana jure ruwa, ɗan'uwansa 316 da aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3 ya ma fi shi, sai dai ba a iya taurara su da wuta yadda maƙeri yake yi wa adda, saboda haka kaifinsu ba ya daɗewa. Akwai ɗan gwaji mai sauƙi: maganaɗisu yana manne wa 420 da 440C gam, amma da ƙyar yake kama 304 da 316.

Hanya ta biyu ita ce a bar baƙin ƙarfe gaba ɗaya a koma taitaniyam. Fatar kariyarsa ta fi ƙarfin gishirin teku, kusan a ce ba ya tsatsa sam. Ba shi da nauyi, giram 4.5 ne a inda baƙin ƙarfe yake 7.8. Maganaɗisu ba ya kama shi, wanda ya sa sojojin ruwa masu kwance nakiyoyin da maganaɗisu ke tayarwa suke son kayan aikin da aka yi da shi. Amma a ma'aunin tauri na Rockwell, inda wuƙar girki mai kyau take haura 55, gaurayen taitaniyam da aka fi sani yana wajen 36 ne. Akan samu waɗanda suka fi haka tauri, duk da haka ba sa kamo ƙarfe mai kabon. Ga tsada, ga wuyar wasawa. Hanya ta uku sabuwa ce: a sa naitirojin a madadin yawancin kabon, domin shi yana taurara ƙarfe ba tare da ya cinye kiromiyam kamar yadda kabon yake yi ba. Ƙarafa irin su H1 da LC200N, waɗanda kamfanin Spyderco ya yi wuƙaƙen ruwa da su, a wannan layi suke.

Wanne ya fi? Masu sayarwa sun fi son a yi ta muhawara kan riƙe kaifi, amma ka tuna wuƙar ceto ba ta mahauci ba ce da ke yanka daga safe zuwa yamma. Tana iya yin shekara ba ta yanka komai ba, tana ta shiga gishiri tana fita. Abin da ake nema a wurinta shi ne ranar da aka zare ta a same ta da kaifi, ba ta manne a kube ba. Ga wanda ya san ba zai riƙa wankewa da shafa mai ba, taitaniyam ko ƙarfen naitirojin ya fi masa. Ga mai kula da kayansa, 420 mai arha ya wadatar.

Kube da wurin ɗaurawa

Wuƙa da yawa ba ƙarfensu ne yake ba da kunya ba, kubensu ne. Idan makullin kuben ya yi sako-sako, wuƙar ta zame ta faɗi tun wajen tsalle daga jirgi, mai ita bai sani ba. Idan ya yi tauri, ko yashi da busasshen gishiri sun cushe shi, sai ta ƙi fita. Ƙara da cewa ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, yatsu suna sanƙarewa, ga safar hannu mai kauri. Daga wajen mita 30 kuma naitirojin ɗin da ake shaƙa yana fara sa wani irin maye, tunani ya yi nauyi. Ɗan maɓallin da ka danna cikin sauƙi a shago yana iya gagarar ka a can. Wuƙa mai naɗewa tana da ƙarin mataki ɗaya, buɗewa, da ƙarin lungu ɗaya da gishiri zai kwanta.

Ɗaurin ƙwauri irin na fim shi ne mafi rauni. Wuri ne mai nisa da hannu, musamman ga mai ƙiba ko wanda ya sa kaya masu kauri. Idan ƙafar ce ta harɗe, ko raga ta riƙe kafaɗa ta hana sunkuyawa, wuƙar ta zama ado. Idan kuma a wajen ƙafa aka ɗaura ta, ita kanta ƙugiya ce mai kama zare, har bel ɗin darma da ake saki lokacin gaggawa yana iya maƙalewa a kanta. Shi ya sa ƙwararru suke cewa abin yanka ya zauna tsakanin haɓa da ƙugu, inda kowane hannu zai kai ba tare da an duba ba. Ƙungiyar GUE mai horar da masu nutson kogo, alal misali, tana sa ɗalibanta su ɗaura 'yar gajeriyar wuƙa a bel ɗin ƙugu ta gaba. Masu shiga kogo da nutsattsun jirage kuma sukan ɗauki abin yanka biyu a wurare daban-daban, saboda wanda ya suɓuce daga sanƙararren hannu ya tafi ke nan.

Abin da ya faru a Boesmansgat

Akwai wani rami mai cike da ruwa a lardin Arewacin Kef na Afirka ta Kudu da ake kira Boesmansgat. A Disamban 1994 wani matashi ɗan shekara 20, Deon Dreyer, ya rasu a cikinsa ba a ga gawarsa ba. Bayan shekara goma, a Oktoban 2004, David Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya kuma gwanin nutso mai zurfi, ya ci karo da gawar a mita 270. Ya koma ranar 8 ga Janairun 2005 da babbar tawaga don ya ɗauko ta, da kyamara a hularsa.

An tsara aikin ne bisa zaton gawar za ta zauna a ƙasa, sai ga shi ta fara tasowa tana juyawa. Fitilar Shaw, wadda ya saba rataya wayarta a wuya, ranar tana lilo saboda kyamarar ta hana shi yin hakan, sai igiya ta harɗe ta. Almakashi yana hannunsa, amma bai kai ga raba kansa da igiyar ba. A wannan zurfi matsi ya kai ninki 28, iskar da yake shaƙa ta yi kauri ƙwarai, kuma duk wani yunƙuri yana ƙara tara kabon dayoksaid a jininsa fiye da yadda huhunsa zai iya fitarwa. Likita Simon Mitchell da abokan aikinsa, da suka yi nazarin bidiyon suka wallafa a 2007, sun danganta mutuwarsa da wannan gazawar numfashi. Bayan 'yan kwanaki, da tawagar take janye igiyoyinta, gawarwakin biyu suka taso tare.

Mita 270 ta yi nisa ƙwarai da mita 40 da aka iyakance wa masu nutson shaƙatawa, amma sarƙar abubuwan iri ɗaya ce a kowane zurfi: abu yana lilo, zare ya kama shi, mutum ya yi yunƙuri, numfashi ya hau, tunani ya dushe, hannu ya kasa yin abin da ya iya.

Wuƙar kanta haɗari ce

Jikin mai nutso cike yake da abubuwan da bai kamata a huda ba: bututun da ke kawo iska baki, rigar da ake hurawa don daidaita nauyi, da kayan da ke hana ruwan sanyi taɓa jiki. Wuƙa mai tsini a hannun wanda ya firgita, yana yanka a bayan ƙeyarsa inda ba ya gani, tana iya datse bututun iskar maimakon zaren. A kogo kuwa, igiyar da ta harɗe ka wataƙila ita ce igiyar da ke nuna hanyar fita, saboda haka akwai horo na musamman kan yadda ake yanke ta ba tare da an rasa bakin da ya nufi waje ba. Wannan ya sa da yawa suka fi son wuƙa mai yankakken baki marar tsini, wadda kuma ta fi jure ɓanɓarar abu. Masu harbin kifi su ne suke da hujjar tsini, don ƙarasa kifin da suka kama.

Mayar da wuƙa kube ma wurin yanka ne. Gilashin fuska yana sa abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa, sai hannu ya saɓa. Fatar da ta jiƙa ta yi laushi, sanyi ya rage jin zafi, kuma tunda ruwa yana shanye jan launi tun a mitocin farko, jini a zurfi kore-kore yake fitowa. Mutum yana iya yankewa bai ankara ba, a ruwan teku mai ɗumi kuwa akwai ƙwayoyin cuta dangin Vibrio da ke shiga rauni. Sai kuma ɓarnar da ake yi wa teku da ita: wasu wuraren kare halittun ruwa suna hana shiga da wuƙa saboda masu tsokanar halittu da ɓalle murjani.

Akwai wani tarko da ba a cika ambata ba. Wanda ya maƙale yakan hura rigarsa don ya fizge kansa sama. Idan a wannan hali ya yanke zaren, sai ya tashi kamar balan-balan. Iskar da ke huhu tana ninka girmanta daga mita 10 zuwa sama, idan ya riƙe numfashi tana iya yaga huhun. Don haka abin da ake koyarwa shi ne a tsaya cak, a daidaita numfashi, a kira abokin nutso da alama tunda shi yana ganin bayanka, a gwada ja da baya ta inda aka shigo. Ƙwanƙwasa ƙotar wuƙa a jikin tukunya yana kiran hankalinsa, domin sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa a ruwa. Yanka shi ne mataki na ƙarshe. Ciyawar teku mai tsawo irin ta gaɓar Kalifoniya ma ba ta buƙatar wuƙa sosai: idan ka ja ta miƙewa take yi, idan ka lanƙwasa ta sai ta ƙarye.

Kula da ita bai da wuya. Bayan kowane nutso a zare ta daga kube, a wanke su biyun da ruwan daɗi, a bar su su bushe daban-daban, a shafa ɗan man silikon. Lokaci-lokaci a kwance ƙota a duba. Sannan a gwada ta a kan abin da za ta yanka da gaske: guntun raga, zaren fatsa, igiyar nailan, da safar hannu a hannu, ido a rufe, da hannun dama sannan da na hagu.

Mu a nan ba mu da masu nutson sukuba da yawa, amma ragar nailan ta cika ruwayenmu, daga Kainji zuwa Tiga zuwa tafkin Chadi, kuma idan kwale-kwale ya kife, masunta da gwanayen ninƙaya na gari su suke fara faɗawa ruwa neman mutane. Ruwan daɗi ba ya cin ƙarfe kamar teku, saboda haka matsalar tsatsa da sauƙi. Sauran matsalolin kuwa sun fi tsanani: ruwan damina jawur yake, ba ka ganin tafin hannunka balle zare, kuma wanda ya nutsa da numfashi ɗaya ba shi da minti bakwai ɗin da muka lissafa, abin da yake da shi bai fi minti ɗaya ko biyu ba. Ga irin wannan mutum, ɗan ƙugiyar yanka zare a ɗaure a damtse ko a ƙugu ta gaba, inda kowane hannu zai lalubo shi a duhu, ya fi wuƙar da aka soke a bayan wando.